La'adar da ba a gani sai an zo biya

Biro na ɗaki guda ne a unguwar Zariya, kwamfuta biyu, firinta ɗaya mai yawan gardama, sai ɗan yayata da ke taya ni in ya taso daga lakkol. Asalin aikina yanke tikitin jirgi ne da cika takardun biza ma ƴan kasuwa masu tahiya Dubai da Istambul da Sin. Maganar kama masauki daga baya ta shigo, kuma ba ni na neme ta ba, mutane ne in na gama musu tikiti sai su ce to Malam ina za mu sauka? Da can amsar na da sauƙi, kowa na da fatomansa, ka sauka gidansa ya kai ka kasuwa ya ci la'adarsa kowa ya san abin da ya biya. Yanzu yara sun nuna ma iyayensu Airbnb da Booking, dandalin kama masauki ta intanet, a waya, sun ga gidaje da falo da kicin da hoto mai ƙyalli, kowa na son gida.

Abin da na hi shan wuya a kansa shi ne bambancin kuɗin da mutum ya gani da kuɗin da za ya biya. Bara wani Alhaji mai saida atamfa da shadda a babbar kasuwa ya shigo da wayarsa a hannu, ɗansa ya riga ya zaɓar masa gida a Istambul ta Airbnb, yuro 60 kwana ɗaya, kwana 3 za ya yi. Shi ya gama lissahinsa tun a shago, yuro 180, kuma da yake sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656 kullum ba ta motsi, ya san jikka 118 ce, har ya ƙirgo su ya sa a aljihu. Na buɗe na kai shi shafin biya. Kuɗin shara da wanke zannuwa yuro 45. Kuɗin hidimar dandalin wajen kashi 14 cikin ɗari, kuma ba kan 180 ɗin kaɗai ake lissafa shi ba, har da kuɗin sharar ake haɗawa, ya tashi yuro 31 da rabi. Jimla kusan 257, wato jikka 168 da ƴan kai. Ya dube ni ya dubi kwamfuta ya ce «Malam, jikka 50 ɗin nan taka ce ko tasu?» Na ce Alhaji wallahi ko dala ba ni da ita a ciki, tawa jikka 5 ce kuma da bakina zan faɗa maka ita. Ya ce to shara mi za a share a kwana 3 ni kaɗai, ni da ko shayi ba zan dafa ba?

Kuma yana da gaskiya. Kuɗin shara sau ɗaya ake biyansa ko kwana 2 ka yi ko 20, shi ya sa yake kashe mai gajerar tahiya. Gidan da aka rubuta 60 ya koma 85 a kwana. Na sama masa otel a Laleli, nan inda shagunan sari suke, da karin safe, ƙasa da haka, ya tahi ya dawo lahiya. Amma gidan nan dai shi ne wasu samari huɗu masu sayo takalma suka kama bayan wata biyu, su kwana 12 suka yi, duka-duka ya tashi yuro 872, in ka raba kowane mutum bai wuce jikka 12 ba a kwana, ga kicin suna dafa shinkafarsu. Gida ɗaya, farashi ɗaya, wani ya cutu wasu sun ci riba. Shi ya sa kafin in buɗe komi tambaya biyu nake yi, ku nawa ne kuma kwana nawa.

Yanzu an ɗan samu sauƙi ta wannan gefen, tun watan Afrilu na 2025 Airbnb suka koma nuna jimlar kuɗi har da shara da hidima tun a shafin farko, haraji ne wani lokaci sai gaba yake fitowa. Amma mutanenmu da hoton allo suke zuwa, wanda wani ya turo ma wani a WhatsApp, na wata ranar daban, na mutum ɗaya alhali su biyar ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, sai na sa ranakun gaskiya da yawan mutane na gaskiya sannan in ce ga kuɗin.

Akwai masu ce mini su Booking suke so don can ba a cin kuɗin hidima. Ina dariya kawai. Can mai gidan ne ke biyan la'ada, wajen kashi 15 cikin ɗari, to kana tsammani daga aljihunsa yake cirowa? Ya riga ya zuba ta cikin farashin. Airbnb ma sun yi aiki da tsari iri biyu, akwai wanda ake raba la'adar, mai gida kashi 3 baƙo wajen 14, akwai wanda mai gida ke ɗaukar duka wajen kashi 15 shi baƙo bai ga komi ba a takarda. Kamar dillalin kara ne, ko daga mai saye ya karɓa ko daga mai saidawa, kuɗin ragon ne dai ke biya. Sau da yawa ina samun gida ɗaya a wurare biyun, hoto ɗaya adireshi ɗaya, jimla ta bambanta da jikka 10 ko 15, wani lokaci nan ne ya hi sauƙi wani lokaci can, babu ƙa'ida, dubawa ce kawai kuma dubawar nan ita ake biyana.

Sai ƙananan da ke cizo a ɓoye. In kuɗin da za ka biya da shi ba shi ne kuɗin da mai gida ya sa farashi da shi ba, tun 2024 Airbnb na iya ƙara har kashi 2 kan kuɗin hidima, bankin da ya ba ka kati shi ma ya cire nasa na canji. Dubai da dirhami ake lissahi shi kuma da dalar Amurka yake tahiya, don haka in dala ta hau kan yuro masaukin Deira ya yi mana tsada ko da mai gida bai ƙara ko sisi ba. Can kuma akwai kuɗin yawon buɗe ido na hukuma, a gidajen haya dirhami 10 zuwa 15 kowane ɗakin kwana kowane dare, wasu masu gida na sa shi cikin jimla wasu sai ka iso su ce kawo. Ina rubuta ma mutum wannan da biro a bayan takardarsa don kar ya kira ni ƙarfe biyun dare yana cewa an tare shi da wani kuɗi. Suna kira duk da haka.

Masu zuwa Gwanju ta ƙasar Sin kuwa ba na wahalar da kaina, Airbnb sun rufe gidajensu na cikin Sin tun 2022, otel kawai nake nema musu, wanda ke karɓar baƙi ƴan ƙasar waje. Turkiyya ma tun farkon 2024 doka ta ce gidan da za a ba da haya kwana 100 ko ƙasa da haka sai da izinin hukuma, to ina duba lambar izinin a tallar, in babu ina wucewa ko ya kai mi arha.

Inda gida ya hi otel nesa ba kusa ba shi ne jinya. Wata Hajiya ta kai maigidanta Tunis aikin ƙafa, ita da shi da ɗansu babba, likita ya ce a ƙalla wata guda. Ranar da ta zo biro ba ta tambayi kuɗi da farko ba, cewa ta yi «ɗana, akwai inda zan ɗora tukunya? Alhaji ba ya cin abincinsu.» Na zauna kusan awa biyu kan wannan, ina buɗe hotuna ɗaya bayan ɗaya ita tana gefe da tabarau tana cewa matso da shi. Na rubuta ma mai gida uku tambaya, hawa na nawa ne, akwai na'urar hawa bene ko matakala ce, ban ɗakin na da tiyo ko sai an nemi buta, murhu na gas ne ko na kuran, minti nawa zuwa asibiti a taksi. Ɗaya bai amsa ba, ɗaya ya ce hawa na huɗu ba na'ura, mai ciwon ƙafa fa. Na ukun ƙasa ne kuma ya hi su tsada da kusan jikka 4 a kwana. Da na sa kwana 26 ba ragi, da na kai shi 28 ragin wata ya shigo, jimlar ta sauko ƙasa da ta kwana 26, don masu gida da yawa na sa ragi daga kwana 7 da kuma daga kwana 28. Ta tahi da kuka da daddawa da kuɓewa busassa da garin masara a cikin jaka, ta dawo ta kawo mini dabino kwali guda, ta ce abin da ya hi yi mata daɗi injin wanki. Irin wannan ba ya fitowa a shafin farashi, amma kwana 28 mutum uku suna sayen abinci a waje sau uku a yini, ka lissafa ka gani.

Ɗan kasuwa mai kaya kuma akasin haka ne, gida na iya zame masa wahala. Mai gida ba ya son ganin kwalaye 20 a falonsa da masu dako suna hawa da sauka, maƙwabta su yi ƙorahi. Otel ɗin ƴan sari sun saba, akwai mai tsaron ƙofa dare da rana, ƴan kargo sun san wurin. Ga maganar isowa, jirginmu sau da yawa cikin dare ko da asuba yake sauka, gidan haya kuwa shiga sai bayan azahar, makulli na cikin wani ɗan akwati mai lamba, mutum bai da layin ƙasar bai jin yarensu yana tsaye kan titi da jaka. Dole in biya masa daren da ya gabata don ya samu shiga, to arhar ta tahi ke nan.

Ni ma na taɓa cin kaina. Shekarar farko na kama ma wani gida mai ragi wanda ba a maida kuɗi in an fasa, don kawai in nuna masa na iya samo arha, biza kuwa ba ta fito ba sai bayan kwana tara da ranar. Jikka 140 ta tahi. Ya ce shi bai ce in kama kafin biza ba, kuma haka ne bai ce ba, na biya rabi daga aljihuna aka rabu ba daɗi, har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a gaisuwa ce kawai. Tun ranar ba na taɓa wanda ba a fasawa sai biza na hannu. Akwai masu barinka ka fasa har ana gobe shiga, akwai na kwana 5 kafin, akwai masu tsauri, ina karanta wurin nan kamar takardar filin gado.

Wanda ya hi ba ni tausayi wani yaro ne da ya ga kamar kashi 14 ɗin nan asara ce. Ya samu wata talla a wani dandali, mai tallar ya ce masa su koma WhatsApp za ya rage masa, ya tura rabin kuɗi kai tsaye. Ya sauka Dubai, bene na nan lamba na nan amma masu wurin ba su san da zancen ba, wayar kuma a kashe. Da ni ya fara kira alhali ba ni na kama ba. Abin da kuɗin hidimar nan ke saye ke nan a ganina, a Airbnb kuɗinka ba ya isa hannun mai gida sai bayan kwana ɗaya da shigarka, in ka tarar da abin da ba shi aka nuna ba kana da awa 72 ka kai ƙara da hoto. Ba na cewa kashi 14 ba yawa, da yawa, ni da nake kwana kan aikin ban kai cin haka ba. Amma shi yaron ya so ya tsira da jikka 25 ya rasa 90, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Biyan kansa ma aiki ne a nan. Yawancin masu zuwa wurina ba su da katin Visa, tsabar kuɗi suke kawowa ko su turo ta NITA ko Amana in suna Tasawa ko Madarunfa, wasu na raka su banki su yanki katin da ake zuba ma kuɗi. Booking na yarda ka kama ma wani da sunansa, shi Airbnb so yake mai kwanan shi ne mai konti, to sai in buɗe masa a wayarsa da paspo ɗinsa, a ɗauki hoton fuskarsa, Alhaji cire hula, Alhaji dubi nan, kuran ya ɗauke intanet ya tsaya a sake daga farko. Duk wannan jikka 5 nake karɓa, in jinya ce ko iyali mai yawan tambaya jikka 10, kuma har yanzu akwai mai cewa ai danna waya ne kawai.

Jiya ma Alhajin nan mai atamfa ya dawo, wannan karon da ƙannensa biyu za su yi kwana 10 bayan salla. Bai ko zauna ba ya miƙo wayar ya ce «Malam, kai ni can ƙasa inda suke ɓoye sharar tukuna.»