Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bangon Mutum Takwas

Makon jiya na tsaya a shekarar da Baffa ya miƙa mini usur ya ce in riƙe yaran yamma masu koyon zari-ruga. Na so in ɗora daga nan, amma maganar Namibiya ta tokare mini maƙogwaro, bari in sauke ta tukuna.

Ranar 25 ga Oktoba 2003 Ostareliya ta lallasa Namibiya da ci 142 da nema a gasar cin kofin duniya ta zari-ruga. Sau 22 suka dangwala ƙwallo a bayan layi. 'Yan majalisarmu ta Gwammaja, waɗanda ba su taɓa kara kafaɗa da ƙato ba, suka samu abin yi, wai ga wasan da muke ɓata yammacinmu a kai. Baffa, Allah ya jiƙansa, bai tanka musu ba. Ni ya kalla ya ce, "Ɗana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

Bangon da yake nufi shi ne sikiram, turereniyar nan ta mutum takwas da takwas. Uku ne a sahun gaba: lamba 1 a hagu, lamba 3 a dama, lamba 2 a tsakiya, shi ke janyo ƙwallo da ƙafa. Lamba 4 da 5 su cusa kai tsakanin ƙugun na gaba, 6 da 7 su manne a gefe, lamba 8 ya rufe baya. Alƙalin wasa ya yi kira uku, a durƙusa, a riƙe, a haɗu, sannan lamba 9, wanda ke tsaye a wajen turereniyar, ya zura ƙwallo.

Duk nauyin ginin yana wuyan lamba 3. Kansa yana shiga tsakanin kawunan abokan karawa biyu, saboda haka kaya na sauko masa ta kafaɗa biyu. Lamba 1 kuwa kafaɗarsa ta hagu a waje take. Bayan lamba 3 dole ya miƙe sumul, yadda in an ɗora masa kwanon sha ba zai tuntsure ba, kuma kada kafaɗu su yi ƙasa da ƙugu. In ya ja ƙafa baya da yawa, da fuska zai kife, mutum goma sha biyar su rufto. In ya matso da ita kusa, sai a cira shi sama kamar an tuge rogo. In ya kama hannun riga ya ja ƙasa maimakon ya damƙi baya ko gefen rigar abokin karawa, usur ne. Kowane usur na laifi kuwa ko maki 3 ne ga abokan karawa, ko su buga ƙwallo waje can kusa da layinku, kuma su ne za su jefo ta ciki. Ku yi haka sau biyar, ƙafafun manyanku sun mutu, sahun tsaro ya buɗe, masu gudu su yi ta wucewa. Mai kallo gudun yake gani, bai ga inda aka tsage ba.

A Kano ƙasa ma abokiyar gaba ce. Da hunturu fili ya bushe ƙarau, ƙusar takalmi ba ta kama komai, balle takalman ƙwallon ƙafa na gwanjo da yara ke sayowa a Ƙofar Wambai. Dabarar Baffa ita ce a kira ɗan garuwa ya juye kura ɗaya a wuri mai faɗin tabarma huɗu tun daren jiya, a ƙara rabin kura da hantsi. Da la'asar ƙusa za ta nutse, ba laka. Kuma ba a fara wa yaro da mutum takwas. Ɗaya da ɗaya a kan gwiwa, wuya na koyon ɗaukar kaya. Sai uku da uku, sai biyar da biyar, makonni kafin a cika takwas. Dokar 'yan ƙasa da shekara 19 ma ta hana tura sikiram fiye da mita ɗaya da rabi, don wuya ba ya ɗoruwa kamar ƙafa.

Nan ne har gobe nake jin ciwon abin da wani mai horarwa ya yi mana, ba zan kama suna ba. Baffa ya sha wahalar lallaso samari huɗu, biyu 'yan dako a Dawanau, biyu 'yan kokawa, masu wuya kamar turmi. Mutumin nan ya sa su tseren mita ɗari, ya ce ba su da gudu, ya sallame su. Hankalinsa na kan wasan mutum bakwai, inda rabin lokaci minti bakwai ne, sikiram kuma mutum uku. Wasan mutum goma sha biyar minti 80 ne, kuma in za ka rubuta sunayen 'yan wasa 23 na ranar wasa sai shida daga ciki ƙwararrun sahun gaba ne. A ina za mu samo shidan bayan an kori huɗu? Baffa ya maimaita karin maganarsa, ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida. Shekaru uku da suka biyo baya ba abin da zan faɗa a kansu.

Namibiya mutanenta kusan miliyan uku ne, ba su kai mutanen birnin Kano ba. Duk da haka sau bakwai a jere suka je kofin duniya, daga 1999 zuwa 2023, da yawan 'yan wasansu kuma sai sun tashi daga aiki suke zuwa atisaye. Ba su taɓa cin wasa ko ɗaya a can ba, amma a duba yadda suka matso. A 2015 Jojiya, ƙasar da sikiram ne abin alfaharinta, da ƙyar ta sha da 17 da 16. A 2019 wasan da suka sa wa rai da Kanada guguwa ta sa aka soke shi a Japan. A 2023 su ke gaban Yurugwai da aka tafi hutun rabin lokaci. Da aka dawo sikiram ɗinsu ya fara durƙushewa, katuna suka biyo baya, kowane katin gargaɗi minti goma a waje, aka tashi 36 da 26. Da na ga ƙarshen wasan, muryar Baffa kawai nake ji a kunnena.

Sai ga Zimbabuwe, wadda rabonta da gasar tun 1991, ta doke su 30 da 28 a Kampala a watan Yulin 2025, ta karɓe kujerar zuwa gasar 2027. Tawagarmu ta Najeriya, Black Stallions, ba ta taɓa taka wannan gasa ba. Ina so 'yan majalisar Gwammaja da suka rage su karanta wannan layin sau biyu, tunda har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai wani ya tuna mini 142.

Ɗaya daga cikin samarin nan huɗu yana Dawanau har yanzu, furfura ta fito masa, yana saɓa buhun masara bayansa a miƙe yadda Baffa ya koya masa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan usur da yaran yamma.