Laraba: kofin shayi tsakanin yatsu biyu

Laraba, tsakiyar hunturu.

Yau a ɗakin gashin ƙashi an kawo wani dattijo da ya daɗe da ciwon suga. Kukansa biyu ne: kofin shayi yana suɓuce masa, ƙwai kuma yana fashewa a hannunsa. Na'urar awon damƙa ta nuna ƙarfinsa lafiya lau, har ɗalibai suka ce babu matsala. Akwai matsala, amma ba a tsoka take ba.

Muka koma allo. Kofi mai giram 300 yana jan hannu zuwa ƙasa da ƙarfin kusan niyuton 3 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne). In babban yatsa da manuniya ne ke riƙe da shi, gogayyar fata da jikin kofin kaɗai ke hana shi zamewa. In jikin na da kaushi, niyuton ɗaya da rabi daga kowane yatsa na iya isa. In santsi ya rage gogayyar da rabi, sai an ninka matsar. Lafiyayyen hannu yana ɗora 'yar rara a kan wannan, kashi 10 zuwa 40 cikin ɗari, ya tsaya nan. Ba ya matsa fiye da buƙata.

Roland Johansson da Göran Westling ne suka auna wannan a Jami'ar Umeå ta Suwidin a 1984. Sun sa mutane ɗaga ƙaramin abu da aka lulluɓe wurin riƙonsa da sanfefa, da fata mai laushi, da siliki. Suka ga ƙarfin matsa da ƙarfin ɗagawa suna hawa tare tun abin bai bar tebur ba, kuma a siliki matsar ta fi hawa da sauri. In abin ya fara zamewa, yatsu na ƙara matsa cikin kamar milisakan 70, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, tun mutum bai ankara ba. Da aka sandarar da fatar yatsun da allura, wannan daidaitawa ta rushe: mutum ya riƙa damƙa da ƙarfi, abin kuma yana zamewa.

Dalili yana cikin fata. Tafin hannu da cikin yatsu na ɗauke da zaren jijiyar taɓawa kusan 17,000, iri huɗu, kowanne da sunan wani masani. Na Meissner sun fi cunkoso a kan yatsa, su ke jin farkon taɓawa da ɗan motsin zamewa. Na Merkel na jin dannawa da gefen abu. Na Ruffini na jin miƙewar fata. Na Pacini kuwa girgiza suke ji, su ke kai labari cewa abin ya bar tebur ko ya sauka.

Abin da na fi so ɗalibai su riƙe shi ne ƙwaƙwalwa ba ta jiran labarin yatsu kafin ta fara. Hasashe take yi daga abin da hannu ya taɓa ɗagawa, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya na da babban hannu a ciki. Shi ya sa in ka ɗaga butar da ka zaci cike take alhali ba ruwa, hannunka ke yin sama. In ta fi zatonka nauyi, saƙon tashi ba ya zuwa a lokacinsa, sai ƙarfin ya riƙa ƙaruwa mataki-mataki har ta tashi. Wanda jin taɓawar yatsunsa ya mutu ba shi da mai gyara masa hasashen.

Muka gwada Baba da zaren awon jin taɓawa, mai danna fata da nauyin giram 2: bai ji ba a babban yatsa da manuniya. Da muka taɓa yatsansa da tsinke biyu tare, sai da tazararsu ta wuce milimita 6 ya bambance su. Lafiyayyen yatsa na ganewa tun 2 zuwa 3. A gwajin Moberg, tsince sulalla da makulli zuwa cikin kwano, ido buɗe ya yi daidai, ido rufe ya yi ta lalube. Irin wannan ake gani a hannun da kuturta ta taɓa jijiyarsa.

Na ce masa, "Baba, a naɗa roba a mariƙin kofi da cokali, ku riƙa kallon abin da kuka ɗauka, ku guji kofin ƙarfe mai zafi." Busasshiyar fatar hunturu santsi gare ta, don haka ya shafa mai da dare, ba dab da ɗaukar kaya ba. Mun rubuta wa likitansa a duba sugan da jijiyar wuyan hannu. Zai dawo bayan mako biyu mu sake gwajin kwanon da agogo.