Jan da ban gani ba a bayan Baba

Wata biyu da fara koyon aiki a sashen cututtukan fata na wani asibiti a Alƙahira, aka ɗora ni kan ɗakin haske. Akwati ne da mutum ke shiga ya tsaya, kewaye da dogayen fitilu masu fitar da hasken UVB, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 311. Masu cutar soriyasis, ciwon fata mai sa ɓawo da ƙaiƙayi, kan zo sau 2 ko 3 a mako, a fara musu da 'yan daƙiƙoƙi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ni dai na ɗauka ɓawon da ke saman fata hasken ke ƙonewa. Ashe a ƙasa aikin yake. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira T ne ke taruwa a fatar suna zubo sinadaran kumburi irin su IL-17 da IL-22, shi kuma wani sinadarin, IL-23, yana ta zuga su. Fatar da kan ɗauki kusan wata guda kafin ta sabunta sai ta koma yin haka cikin kwana 3 zuwa 5, ɓawo ya yi ta hawa kan ɓawo. Hasken yana kashe da dama daga cikin ƙwayoyin nan, IL-17 ya ragu, IL-10 mai kwantar da kumburi ya ƙaru.

Abin da na karanta amma bai zauna mini ba shi ne, idan hasken ya yi yawa, shi ma kumburi yake tayarwa. Fata ta saki IL-1 da IL-6, ta yi ja, jan kuma sai wajen awa 24 yake kai maƙura. Littattafan namu cike suke da hotunan farar fata, inda ja ba ya ɓuya.

Akwai wani dattijo Bahaushen Sudan, baƙi wuluk, da muke hira da Hausa. Na duba bayansa ban ga ja ba, na ƙara masa lokaci. Da ya dawo ko riga ba ya son ta taɓa shi.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ɗana, ai ba ka tambaya ba. Tun wancan zuwan nake jin raɗaɗi."

Kunya ta rufe ni. Babbar likitarmu ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka dakatar da shi har fatar ta huce, sannan ta kama hannuna ta ɗora a kafaɗar wani mara lafiya don in ji ɗumin da ido ba ya gani. Ranar da Baba ya dawo, sai da na zaunar da shi na ji yadda ya kwana, da ƙaiƙayi ko da zafi, kafin na taɓa na'urar.