Gyaran bakin fata: jimar bagaruwa da guga, jimar kurom da fenti

'Yan'uwa masu koyon dukanci, aiki ya iso wurin gyaran baki. Ko ɗinki ya zauna, yanka ya miƙe, in aka bar bakin bel ko na jaka da gashi-gashi, mai saye zai shafa yatsa sau ɗaya ya rage kuɗi. Gwajin wannan karon an yi shi ne a kan guntayen fata iri huɗu: kirgin saniya jimar bagaruwa, fatar jar akuya ita ma jimar bagaruwa, fatar kamfani jimar kurom, wato wadda aka jeme da sinadarin kuromiyam, da wata mai maiƙo irin wadda ake yin takalmin aiki da ita. Abin da ya tabbata shi ne irin jimar ce ke faɗa muku yadda za a gama bakin. Hanyar da ta sa wannan ƙyalli, ita ce za ta ɓata wancan.

Saboda haka kafin komai ku gane fatar da ke hannunku, domin mai sayarwa a kasuwar Sabon Gari ko Ƙofar Wambai ta Kano ba lallai ya san inda aka jeme ta ba. Ku yanki ɗan siriri ku duba tsakiyar yankan. Jimar bagaruwa takan fito ruwan ƙasa-ƙasa mai haske. Jimar kurom tana da shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, sai dai in rini ya ratsa ta gaba ɗaya ya ɓoye shi. In haka ta faru, ku jefa guntun cikin tafasasshen ruwa. Na bagaruwa zai ƙanƙance nan take ya murɗe, in ya bushe ya yi tauri. Na kurom zai yi ta yawo a tukunya kusan yadda yake, don yana jure zafin digiri 100. Ko kuma ku ƙona shi a waje: kurom yana barin toka mai kore-kore. Gwajin ƙwaƙwaf aikin irin su NILEST ne, cibiyar fasahar fata da ke Samaru, Zariya. Mu na shago tukunya da ashana sun ishe mu.

Kirgi shi ne ya fi biyan wahalar mai guga. Dalili kuwa, sinadarin bagaruwa ya cika tsakanin zare-zaren fatar, don haka in ta sami ɗan danshi da zafin gogayya sai zaren ya kwanta ya manne da juna, ya kuma zauna a haka. Guntun gwajin falle biyu ne da aka haɗa, kaurinsu wajen milimita 4. Matakin farko tun wurin shafa gam yake: gam ya kai har ƙarshen baki, a bar shi ya sha iska har ya daina bin yatsa, a haɗa a bubbuga da guduma. Inda gam bai kai ba, nan ne za ku ga wani siririn layi ya buɗe a tsakiyar baki bayan an gama guga, kuma babu kakin da zai rufe shi. Layin ɗinki ya yi nisan milimita 3 zuwa 4 daga baki, don samfefa za ta ci wani abu.

A daidaita fallen biyu da wuƙa mai kaifi, yanka ɗaya a tsaye. Sai samfefa mai lamba 180 ko 240, a naɗe ta a jikin ɗan katako mai shimfiɗaɗɗiyar fuska. Kada ku riƙe ta da yatsa kawai, yatsa yana bin kwari da tudu, ba ya gyara su. Wannan gugar za ta tura fata ta yi ɗan leɓe a sama da ƙasa, shi ya sa ake kashe kusurwa bayanta, ba kafinta ba. Wanda ke da ƙarfen feƙe baki ya tura shi a karkace, tafiya ɗaya ba tsayawa, ya ga zaren fata yana fita dogo bai tsinke ba. In yana tsinkewa ko yana tattare fuskar fatar, ƙarfen ya dakushe. Wanda ba shi da shi, samfefa mai lamba 400 a karkace ta wadatar, sai dai ta fi cin lokaci. Daga nan gugar samfefa ta koma gefe ɗaya kawai, don zaren ya kwanta ta fuska guda.

Rini, in za a sa, yanzu ne lokacinsa. Bayan ƙaro ko kaki ba zai shiga ba.

Ruwa shi ne inda yawancinmu ke wuce gona da iri. A tsoma yatsa a shafa, baki ya yi duhu kaɗan, shi ke nan. In ya jiƙe sharkaf, guga za ta baje shi ya yi faɗi, ruwan kuma ya hau fuskar fata ya bar zane. Ku kula da ƙarfe: ruwan da ya kwana a gwangwani mai tsatsa, ko ɓurɓushin wasa wuƙa da ya zuba a tebur, yana baƙanta jimar bagaruwa da ɗigo-ɗigo, domin haɗuwar ƙarfe da sinadarin bagaruwa ita ce dai ke ba dukawa baƙin rinin da suke kira kuloko. A zuba ruwan da za a goge baki da shi a roba.

Icen guga ɗan katako ne mai tauri da santsi, irin kanya ko maɗaci, da aka yi wa kwarmi daidai kaurin fatar. Sauri ake so, ba danniya ba. Ku yi tsawon tafin hannu a lokaci guda, gaba da baya, har ku ji baki ya ɗauki ɗumi, ƙarar gugar ta koma ƙyas-ƙyas, ƙyalli ya fara fitowa. Sai a sake bi da samfefa mai lamba 600 ko 800. Da zafi a ga an dusashe ƙyallin da aka sha wuya a kansa, amma a nan ne ramukan da suka rage ke bayyana. Zagaye na biyu da ruwan ƙaro ake yi: cokali ɗaya na dakakken ƙaro a cokali huɗu na ruwan ɗumi, a bar shi ya kwana, a tace. A haɗa kaɗan-kaɗan, don yana yin tsami da funfuna, musamman da damina. In ya yi kauri zai bushe a saman baki ya riƙa tsagewa duk inda bel ya lanƙwasa. Tokonole, wani man gugar bakin fata na Japan, ya fi shi sauƙin sarrafawa ga wanda ya samu, amma ba dole ba ne. A ƙarshe a goga kakin zuma sau biyu, a murza da tsumman tsohon wandon jins har ya narke ya shige. Kaki shi ne ke tare gumi da ruwan sama.

Fatar jar akuya, wadda Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, jimar bagaruwa ce amma kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba, ice ba ya samun abin kamawa. Ninki ya fi mata. A ja layi milimita 10 daga baki ta ciki, a fere da wuƙa a kan gilashi ko tayil, kaurin yana raguwa har ya kusa ƙarewa a bakin, a shafa gam, a ninke milimita 5, a bubbuga, a ɗinke. A kusurwa mai zagaye ana tattara ninkin ƙanana-ƙanana da bakin basilla. Dabarar dukawan da ta rufe baki da siririn tsiri mai wani launi, kamar yadda ake gani a jikin tumtum da kube da zabira, har yanzu babu abin da ya fi ta ƙarko a siririyar fata.

Kurom, jimar da ta bazu a masana'antu bayan 1884, ita ce yawancin abin da kamfanonin Challawa da Sharaɗa ke fitarwa, kuma ita ce ke cike da guntayen da muke saye. Zarenta yana da laushi da tsalle kamar soso, ka danna ya dawo. An goga guntun gwajin da ruwa, an goga da ƙaro, gashinsa ya sake tashi da zarar an lanƙwasa shi. Nata sai ninki ko fentin baki, wato fenti na musamman mai haɗin ruwa da ke miƙewa tare da fata. Fentin ƙofa da na farce duk tsagewa suke yi.

A yanka da sabuwar reza, don samfefa mai kaushi tana ƙara tayar da gashin kurom. Kusurwa a taɓa ta kaɗan ko a bar ta, fenti yana son wurin zama. Shafin farko ya zama siriri sosai, da gefen basilla ko tsinken sakace, aikinsa ya shiga cikin zaren ya kama. In ya bushe a bi da lamba 400, a share ƙura, a ƙara. Shafi 3 zuwa 4 sukan cika baki ya yi ɗan tudu mai santsi, na ƙarshe ba a taɓa shi da samfefa. Da hunturu saman fenti yana bushewa cikin 'yan mintuna alhali cikinsa ɗanye ne, samfefa ta zo ta naɗe shi. A ba kowane shafi aƙalla minti 30, kuma a rufe shi daga ƙura. Shafi ɗaya mai kauri shi ne ke ɓarewa dogo bayan wata guda a aljihu. Masu narkar da shafin farko da ƙarfe mai zafi su sani zafin ƙarfen like na masu gyaran rediyo ya wuce kima. A cire shi daga wuta ya huce, a gwada a guntu tukuna.

Mai maiƙo ba ta da dogon bayani. Fenti ba ya kama ta sai an goge bakin da sifirit, ko an goge ma yakan saki daga baya, ƙaro kuma ba ya shiga. Samfefa mai lamba 400, kakin zuma, tsumma. Ba za ta yi ƙyalli ba, za ta dai kwanta ta yi duhu. Guntayen huɗu yanzu suna rataye a inuwa, ana lanƙwasa su kullum safe da yamma, na fenti ne ake sa wa ido a wurin ramin ƙugiyar bel.