Ashe dankalin Airish da gaske yana da tarihi da 'yan Ailan

Jiya wata abokiyar aikina 'yar Ailan ta gayyace mu gidanta a Kilburn, unguwar da 'yan ƙasarsu suka daɗe da cikawa a Landan. Na daɗe ina son ɗanɗana girkinsu amma a nan yawanci sai a mashaya ake samu, kuma ko ka shiga karin kumallonsu naman alade ne, wani farfesun ma har giya suke zubawa, to ka ga ba namu ba ne.

Baiwar Allah sai da ta je shagon halal ta sayo naman rago ta yi mana Irish stew, dankali da albasa da karas kawai, ba tattasai ba attarugu, wallahi cokalin farko na ce wannan ai abincin mai jinya ne 😂 amma da na tsoma burodinsu na soda, wanda ba a sa masa yis, sai ga ni ina neman ƙari. Ta ce dankalin nan da muke kira Airish a Jos, cutar da ta kama shi a 1845 ce ta jawo yunwar da ta kashe kusan mutum miliyan 1 a ƙasarsu, wasu suka watsu Amurka da Ingila.

Na dai fito da yajina daga jaka, ta ɗanɗana har da hawaye.