Abin da na koya a kan lagon jarumi daga Superman

Duk wanda ya zauna zai ƙirƙiri jarumin komik, wato labarin da ake bayarwa da zane-zane, abin da ke fara zuwa masa a kai shi ne ƙarfi, ya tashi sama, ya ɗaga tirela da hannu ɗaya, harsashi ya dake shi ya lanƙwashe ya faɗi ƙasa. A ɗan wurin da muke koyon zane da rubutun labari kusan duk sabon zuwa haka yake kawo nasa, takarda fal da baiwa iri-iri, amma da oga ya ce masa to malam me zai kayar da shi sai ka ga ya yi shiru. Shi ya sa aikin farko da ake ba mu ba zane ba ne, cewa ake ka je ka karanto tarihin Superman tun daga farko ka dawo.

Ni kam abin ya ba ni mamaki, don ashe lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster, samari biyu daga garin Cleveland na Amurka, suka fito da shi a 1938 ko tashi sama ba ya yi, tsalle yake yi kawai, ya tsallake dogon bene, ya tsere wa jirgin ƙasa a guje, kuma an faɗa ƙarara cewa babban harsashin igwa mai fashewa zai iya huda fatarsa. Wato yana da iyaka. Daga baya ne aka yi ta ƙara masa, tashi sama ya zo a farkon shekarun 1940, ga ido mai gani ta bayan bango, ido mai fitar da zafi, numfashi mai daskarar da abu, har aka kai lokacin da yake ture duniya sukutum daga mazauninta. To a nan marubuta suka shiga uku, don wanda zai iya wannan wane bos za ka kawo masa mai karatu ya ji gabansa ya faɗi?

Kiriftonait, wannan koren dutsen da kowa ya sani, a shirin rediyo ya fara fitowa a 1943, sai 1949 ya shigo littafin komik. Ɓarɓashin duniyarsu ne Krypton da ta tarwatse, yana fitar da wani haske mai guba da ke zuƙe masa ƙarfi, in ya daɗe kusa da shi ma mutuwa zai yi, dalma ce ke tare hasken. Wannan dabara ta burge ni sosai, abin da ke kashe shi guntun gidansu ne, mahaifarsa ce. Ranar da aka sa mu zana shafin da ya gamu da dutsen na gane aikin ba ƙarami ba ne, oga ya tsaya a kaina ya ce kar ka nuna min dutsen tukuna, fara nuna min gwiwarsa ta lanƙwashe, sai hannun da ya dafa bango yana zamewa, sai zufa a goshin mutumin da ba a taɓa ganin ya yi zufa ba, sannan a akwatin ƙarshe na ƙasan shafi ka sa ɗan koren haske yana leƙowa daga aljihun mugun. Wallahi da na jera su haka sai shafin ya yi nauyi.

Amma darasin da ya fi zama min shi ne abin da ya biyo baya. Da marubuta suka ga dutsen na fitar da su kunya sai suka mayar da shi abin kullum, duk ƙaramin ɓarawo ya samu guntu a aljihu, aka kawo ja mai sa shi canzawa ta hanyoyin da ba a zata ba na ɗan lokaci, aka kawo mai ruwan zinare da ke raba shi da ƙarfinsa har abada, abu dai ya yi araha har ya daina ba kowa tsoro. A 1971 sai da marubuci Dennis O'Neil ya rubuta labarin da duk kiriftonait ɗin da ke doron ƙasa ya koma baƙin ƙarfe, ya kuma rage wa Superman ƙarfi, a 1986 John Byrne ya sake gina shi daga tushe da ƙarfi daidai misali. Mu ma ai mun san wannan a labaran 'yan tauri, wuƙa ba ta kama shi amma akwai makari, kuma duk daɗin labarin yana wajen cewa makarin nan ɓoyayye ne sai an sha wuya ake gano shi, in kowa a kasuwa ya sani ai babu sauran tauri.

Yana da wasu lagon, sihiri na kama shi kamar kowa, jar rana irin ta duniyarsu na mayar da shi mutum gama-gari tunda daga rana irin tamu yake caji, kuma idonsa ba ya ratsa dalma. Waɗannan duk suna da amfani amma daga waje suke zuwa, marubuci ne ke jefo su in ya ga dama.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne raunin da ke fitowa daga cikin ƙarfin kansa. Mutum ne da kunnensa ke jiyo kukan neman agaji daga nesa mai nisa, wani a gabas wani a yamma a lokaci guda, shi kuma jiki ɗaya gare shi, dole ya zaɓa, kuma wanda bai je wa ba yana jin muryarsa har ta ɗauke. A fim ɗin 1978 uban da ya rene shi, Jonathan Kent, ciwon zuciya ne ya kayar da shi a gona, babu bos babu dutse, yaron da ke tsere da jirgin ƙasa yana nan kusa bai iya komai ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban gadon mahaifi a asibiti ya san wannan yanayin, shi ya sa wurin ke sa mutane hawaye fiye da duk wani dambe. Ga kuma cewa ya ɗaure kansa ba ya kisa, miyagu sun san haka, suna fakewa da mutanen da yake ƙauna irin su Lois Lane suna juya shi. Ko a 1992 da aka kashe shi ba da dutsen ba ne, shi da wani dodo mai suna Doomsday ne suka yi ta dukan juna har ƙarfinsa ya ƙare yana kare garin Metropolis, da zai iya janyewa ya huta amma akwai mutane a bayansa. Dawo da shi da aka yi a 1993 kam ni har yau ina ganin ya rage wa abin daraja, don tun daga nan in jarumi ya mutu a komik mai karatu kwanaki kawai yake ƙirgawa.

Yanzu kafin in ɗauki fensir sai na rubuta abu uku a gefen takarda, me ƙarfin ke ci masa duk lokacin da ya yi amfani da shi, wa ya san lagonsa kuma ta yaya ya sani, sannan me ba zai taɓa iya gyarawa ba ko da ƙarfin ya ninka. Yarinyar da nake zanawa yanzu tana iya warkar da rauni da tafin hannu amma zafin ciwon jikinta yake komawa ya kwana biyu, kuma baiwar ba ta aiki a kan danginta na jini, ga ƙaninta ba shi da lafiya tun shafin farko. Da na kai wa oga ya karanta sai ya ja layi ƙarƙashin maganar ƙanin ya ce wannan dokar ko labarin zai kai shafi ɗari kar ka kuskura ka karya ta don ka samu mafita.