Tsuntsu mai jan baki da doguwar jela a tsibirin Madeleine

Duk wanda hanya ta kai shi Dakar kuma yana son kallon tsuntsaye, to ya daure ya tsallaka tsibirin Madeleine, ba nisa, daga bakin ruwan Soumbedioune ake shiga kwalekwale mai inji. Gandun gwamnati ne tun 1976, ba wanda ke zama a ciki, duwatsu ne baƙaƙe sai wasu gajerun kukoki da iska ta hana tsawo. Abin da ya kai ni shi ne tsuntsun da suke kira paille-en-queue da Faransanci, fari fat daga nesa, baki ja wur, ga gashi biyu dogaye zalalo a jela.

To ga inda gizo ke saƙar, fararen tsuntsaye sun yi yawa a wurin, akwai masu suna sterne, wasunsu ma jan baki ne da su, kuma idan kwalekwale na rawa ga hasken rana a ido wallahi jelar nan ba ta ganuwa daga nesa, siririya ce sosai. Ma'aikacin gandun ya ce min Malam bar neman jela, kalli yadda yake tashi. Shi paille-en-queue fukafukansa sauri-sauri yake kaɗawa kamar tantabara, can sama, ita ko sterne a sanyaye take tafiya, ga baƙin gashi a ka, jelarta a rabe biyu. Da paille-en-queue ɗaya ya karkato kusa da dutse sai na ga bayansa duk zane-zane ne baƙaƙe ƙanana, da baƙin layi da ya ratsa ido. 'Ya'yansa kuwa bakinsu rawaya ne kuma ba su da dogon gashin sam, a nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Yawo ba ya biya, gara ka samu wuri saman dutse ka zauna, kukansa mai kaifi za ka fara ji kafin ka gan shi. A kogon dutse yake ƙwai, ɗaya tak, kuma ƙafafunsa ba ƙarfi, da ƙirji yake jan jiki in ya sauka, shi ya sa ni dai ban ga amfanin masu cusa waya cikin rami don hoto ba, in uwar ta tsorata ta tashi ƙwan ne a hatsari. Ka tafi da madubin hangen nesa da hula da ruwan sha, inuwa babu, waya kuma a ƙulle ta a leda saboda feshin ruwa.